Lissafin da Ke Ɓoye a Jikin Janareta

A jikin kowane babban janareta, irin wanda masu walda da masu injin niƙa ke aiki da shi a Gure, akwai ɗan allon ƙarfe da ba kowa ke kula da shi ba. A kansa akan ga lambobi uku, misali 10 kVA, da 8 kW, da cos φ = 0.8. Mai saye goman nan yake riƙewa, a kanta yake ciniki, sai ya ɗora wa injin kaya na kilowat tara ya ga yana nishi yana hayaƙi, ya ce an zambace shi. Ba wanda ya zambace shi. Goma da takwas ɗin gefuna biyu ne na alwatika mai kusurwar digiri 90, gefe na uku kuma shi ne shida, wanda ba a rubuta ba: takwas sau takwas da shida sau shida, idan aka haɗa, ɗari ne, wato goma sau goma. Injiniya yakan rubuta abin duka a dunƙule, 8 + 6i, ya ce takwas ɓangaren zahiri ne, shida kuma ɓangaren zato. Wannan shi ne darasin da ɗaliban ajin ƙarshe na lise, masu shirin jarrabawar bak a fannin C da D, suka sani da sunan nombres complexes, kuma da yawansu suna ɗaukarsa wahalar banza da za a manta washegarin jarrabawa. A ganina sun yi kuskure, kuma laifin bai tsaya a kansu ba.

Tushen abin lamba ɗaya ce, i, wadda idan aka ninka ta da kanta sai ta ba da −1. Mai hankali zai tsaya a nan ya yi gardama, kuma yana da hujja: biyu sau biyu huɗu ne, −2 sau −2 ma huɗu ne, to daga ina wannan ta fito? Amsar ita ce ba a ƙirga awaki ko buhunan gero da i, aikinta juyawa ne. A ce mutum yana tsaye a kan titin kwalta da ya ratsa Gure, ya fuskanci gabas, wajen Diffa. Ninkawa da −1 ita ce ya juya baya gaba ɗaya ya fuskanci yamma, wajen Damagaram. To wane juyi ne idan ya yi shi sau biyu zai kai shi ga haka? Rabin wancan ne, ya karkata hagu ya fuskanci arewa, wajen Kelle. Ya sake karkatawa irin wannan, ga shi yana kallon yamma. Wannan karkatawar ta digiri 90 ita ce i. Saboda haka 8 + 6i ba sihiri ba ne, taku takwas ne gabas da taku shida arewa, nisansa daga inda ya taso kuwa goma. Wani mai awon filaye ɗan ƙasar Norwe, Caspar Wessel, shi ya fara buga wannan bayani a 1799, Jean-Robert Argand ya zo da irinsa a Faris a 1806. Ba abin mamaki ba ne mai awon ƙasa ya riga malaman jami'a gano shi, domin shi kullum da tsawo da fuska tare yake aiki.

Kafin nan masana sun shafe sama da shekaru ɗari biyu suna amfani da lambar suna tsarguwa da ita. Gerolamo Cardano na Italiya ya ci karo da ita a littafinsa na 1545, ya gwada ta, ya yar da ita a matsayin abin da ba shi da amfani. Rafael Bombelli ne, a 1572, ya nuna ba za a iya kauce mata ba. Ya ɗauki tambayar x³ = 15x + 4, wadda amsarta 4 ce, kowa na iya gwadawa, domin 64 daidai yake da 60 da 4. Amma ƙa'idar warware irin wannan tambaya sai ta bi ta kan tushen −121 kafin ta kai ga amsa. Bombelli ya daure ya bi lissafin, ya sami 2 + i da 2 − i, ya haɗa su, ɓangarorin zato suka cinye juna, 4 ta fito. Wanda ya ce sai ya ga lamba da ido zai yarda da ita, to ya tuna ba wanda ya taɓa ganin −5 tana tafiya a kasuwa, amma duk wanda ake bi bashi ya san ta, haka kuma malamin da ke rabon gado yana fitar da sumuni da sudusi ba tare da ya yanka gona da wuƙa ba.

Haɗuwar wannan lamba da sinus da kosinus ta tabbata a hannun Leonhard Euler, wanda ya buga a 1748 cewa e^(ix) = cos x + i sin x, inda e ke nufin sananniyar lambar nan mai kusan 2.718. Ma'anarsa a sauƙaƙe: ɗigon da ke zagaya da'ira, inda ya kai ta gabas shi ne kosinus, inda ya kai ta arewa shi ne sinus, kuma rubutu ɗaya ya ɗauke su duka. Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa kuwa zagaye ce. Ba ta gudana fuska ɗaya kamar ta batir, tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma hawanta da saukarta suna bin siffar sinus. Idan ƙwan fitila na da ko dutsen guga aka kunna, matsin wutar da gudunta tare suke hawa tare suke sauka. Idan kuwa mota ce mai naɗin waya, kamar ta injin niƙa ko famfon rijiyar burtsatse, sai gudun ya riƙa makara, ya biyo bayan matsin da wata kusurwa, wadda ita ce φ ɗin da ke kan allon. Ke nan kowace wuta tana da abu biyu da dole a riƙe, girmanta da makararta. Lamba guda ba za ta iya ba, mai ɓangare biyu ita ke iyawa. Charles Steinmetz ne ya gabatar wa injiniyoyi wannan hanya a taron masana lantarki na Shikago a 1893, kuma tun daga lokacin lissafin da da sai an cika shafuka ya koma tarawa da ninkawa.

Yanzu takwas da shidan nan sun sami ma'ana. Takwas ita ce wutar da ke zama aiki, ita ke juya dutsen niƙa, ita ke shan man gazuwal. Shida wuta ce da ke shiga naɗin wayar ta gina maganaɗisu, sannan ta koma inda ta fito, sau ɗari a daƙiƙa. Ba ta niƙa ko ƙwayar gero ɗaya, amma tana cika waya, kuma waya ba ta bambanta ta da ƴar'uwarta. Idan cos φ ya sauka daga 1 zuwa 0.8, gudun da ake buƙata don aiki iri ɗaya yana ƙaruwa da kashi 25 cikin ɗari, zafin da ke ɓacewa a waya kuma yana ƙaruwa da fiye da rabi, domin shi yana bin gudu sau gudu ne. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa wuta ta yi rauni a ƙarshen unguwa idan injuna sun tashi tare, taransifoma ta yi zafi. Maganin ma daga lissafin yake fitowa: kondansa tana sa gudu ya riga matsi, wato ɓangaren zatonta kishiyar na mota ne, don haka kondansa mai −6i tana share +6i. Mai gyaran fanka da ya ga fanka tana gurnani ba ta juyawa ya ce kondansarta ta mutu, da wannan kusurwar yake aiki, ko bai taɓa shiga aji ba.

Akwai mataki na gaba, wanda shi ɗaliban jami'a ke kuka da shi: idan kusurwar da kanta ta zama mai ɓangare biyu, aka ce a nemo sin(x + iy), yaya za a raba shi? Hanyar ba ta da tsawo. Ana farawa da tsohuwar ƙa'idar haɗa kusurwa biyu, sin(a + b) = sin a cos b + cos a sin b, wadda take cikin aikin Abul Wafa al-Buzjani da ya rasu a Bagadaza a 998. A sa x a gurbin a, a sa iy a gurbin b. Saura a san cos(iy) da sin(iy), kuma ƙa'idar Euler ta ba da su: cos(iy) shi ne rabin jimlar e^y da e^(−y), wanda ake rubutawa cosh y, sin(iy) kuma shi ne i sau rabin bambancinsu, wato i sinh y. Sakamako: sin(x + iy) = sin x cosh y + i cos x sinh y. Da hanya ɗaya ake samun cos(x + iy) = cos x cosh y − i sin x sinh y. Mai kalkuleta na iya gwadawa da x = 1 da y = 1 a ma'aunin radiyan, zai sami kusan 1.298 + 0.635i. Abin lura a nan shi ne kowane ɓangare aure ne tsakanin abu biyu masu hali dabam. Sin x da cos x lilo suke yi tsakanin 1 da −1, cosh y da sinh y kuwa hawa suke yi ba iyaka. Shi ya sa dokar da aka haddace a kolej, cewa sinus ba ya wuce 1, take faɗuwa a nan: idan x ya zama π/2, y kuma kusan 1.317, sinus ɗin 2 ne cif.

Lilo haɗe da hawa ko sauka shi ne ainihin halin wuta a doguwar waya. Tana tafiya tana kai da komo, tana kuma raguwa saboda asarar hanya. Oliver Heaviside na Ingila ya tsara lissafin wannan a shekarun 1880 saboda wayar tangaraho, kuma amsarsa cosh da sinh ne na lamba mai ɓangare biyu: ɓangaren zahiri yana faɗin yawan abin da ke ɓacewa a kowace kilomita, na zato yana faɗin yawan makara. Buƙatar raba su ta kai Arthur Kennelly na jami'ar Harvard ga buga littafi guda na jadawalinsu a 1914, don injiniya ya duba maimakon ya lissafa. Gaskiya ne gajeren layi, ƙasa da kilomita 80, ana iya masa lissafi mai sauƙi, cikakkiyar ƙa'idar sai layi ya kai wajen kilomita 250 take zama dole. To amma Nijar ƙasar dogayen layuka ce. Layin da ke kai wuta Yamai daga Birnin Kebbi ya haura wannan tsawo, na Damagaram da Maraɗi daga Katsina yake tasowa ya bi ta Gazawa, Gure kuma tana kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta na 2023, aka zauna watanni kafin ta dawo a 2024, kowa ya ji maganar cewa dole ƙasa ta samar da wutarta ta kuma ja layukanta. Wanda zai zana waɗannan layuka sai ya iya wannan rabon.

Za a ce ai kwamfuta na yi. Tana yi, kuma ba mai hankalin da zai koma jadawalin Kennelly. Amma kwamfuta abin da aka ba ta take dafawa, kuma wanda bai san abin da alamar − ke nufi a gaban i ba, ba zai gane ya sa kondansa inda ake son naɗin waya ba sai kaya sun ƙone. Za a kuma ce gaba ta sola ce, ita kuwa wutarta fuska ɗaya take bi. Haka ne a kan faranti da batir, amma da zarar ta shiga inbata don ta tada firji ko famfo, ta koma mai kai da komo, kuma inbatar ma da kVA ake sayar da ita. Ita kanta wayar salula tana raba saƙon rediyon da ta karɓa gida biyu, na kosinus da na sinus, kafin ta mai da shi murya.

Hujja mafi nauyi ita ce ta mai cewa Gure tana da abin da ya fi wannan gaggawa: rairayi na cinye kwaruruka masu dabino da kanwa, ruwan sha na wahala, yara da yawa ba su kai ko kolej ba. Ban musa ba, kuma ba na cewa kowane yaro sai ya san cosh. Amma ruwan da ke ƙarƙashin kwarin da famfo ake ɗaga shi, allurar rigakafi a firji take kwana, kuma garin da ke nesa da masu gyara shi ya fi kowa buƙatar nasa masanin. Mai cewa ilimin baƙi ne kuma ya manta cewa aljabara daga littafin al-Khwarizmi ta sami sunanta, kuma Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu a kan ƙa'idojin jera lambobi a hatimi da masana tarihin lissafi ke nazari har yau.

Inda gyara yake shi ne a aji. Sau da yawa akan buɗe darasin da rubuta i² = −1 a allo a matsayin doka, cikin harshen da ɗalibi ke fama da shi, sai a wuce ga hadda. Ina roƙon malaman lissafi na Gure da Damagaram su soma da juyi da da'ira, su yi bayanin da Hausa ko Barbarci idan ta kama, su haɗa kai da malamin fizik don ɗalibi ya ga cewa φ ɗin darasin lantarki ita ce kusurwar darasin lissafi. Iyaye kuma, idan ɗanku ko ƴarku ta nuna kai a lissafi, kada tsoron wuyar fannin C ya sa ku karkatar da ita, ku bar ta ta shiga.