Shin Ko Kun San Me Ya Kai Kamfanin Siminti Kalambaina?

Shin ko kun san buhun simintin da ake saukewa a Isa ko Sabon Birni ya fi dutsen da aka yi shi da shi sauƙin ɗauka? Kafin a samu tan ɗaya na siminti sai an ƙona wajen tan ɗaya da rabi na dutsen farar ƙasa da laka, domin idan dutsen ya sha wuta kusan kashi 44 cikin ɗari na nauyinsa iska ce ke fita. Dalilin ke nan da aka kafa kamfanin simintin Sakkwato a Kalambaina, a kan dutsen kansa. An yi masa rajista a 1962, ya fara aiki a 1967, yanzu kuma yana hannun BUA. A Nijar ma haka aka yi, aka kafa nasu a Malbaza, kusa da Birnin Ƙonni, inda dutsen yake.

Shin ko kun san wani Bajamushe mai suna Alfred Weber ya rubuta littafi guda a kan wannan lissafi a 1909? Ƙa'idarsa ba ta da wuya. A auna ɗanyen kaya, a auna abin da ya fito. Idan kaya na raguwa wajen sarrafawa, a kai inji inda kayan suke. Idan ƙaruwa suke yi, a kai shi kusa da masu saye. Shi ya sa kamfanonin lemon kwalba suke cikin manyan birane kamar Kano da Kaduna, tunda yawancin abin da ke cikin kwalbar ruwa ne, ruwa kuwa ba sai an yi dakonsa daga nesa ba.

Masu mazarƙwaila ma sun san wannan ba tare da littafi ba. Ku je fadama lokacin saran rake, za ku tarar da injin tatsa a bakin gona, babban kasko na tafasa a gefe, ana hura wutar da busasshen raken da aka riga aka tatse. Ruwan ya ƙone, ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Raken da zai cika amalanke, abin da ya fito daga cikinsa jaki ɗaya ya ishe shi. Ban san wata masana'anta da ta fi wannan iya zaɓen mazauni ba.

Shin ko kun san layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, daga Zariya ta Funtuwa da Gusau? Can ya tsaya, kuma ta Shinkafi gyaɗa da audugar ƙasar Isa suka riƙa gangarawa su same shi. Injinan gurzar auduga ma a bakin layin aka jera su, a Funtuwa da Gusau, saboda kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ɗanyar auduga angurya ce. 

Shinkafa fa? Shanshera tana zubar da kusan sulusin nauyinta idan aka cire ɓuntu da dusa. Wato duk mota uku da ta tashi daga fadamar Rima da shanshera, kuɗin ɗaya a kan ɓuntu da dusa aka biya. A Kabi sun gane haka, aka buɗe injin WACOT a Argungu a 2017, a tsakiyar manoman. Mu kuwa a Gobir har yanzu ɗanya muke lodawa.

Amma kusanci da gona kaɗai ba ya riƙe kamfani. Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa ta Jihar Kano a 2016, mai cin tan 1,200 kullum, a daidai inda ake noman. Tsutsa ta cinye gonaki a shekarar, daga baya kuma manoma suka riƙa kai nasu kasuwa idan farashi ya fi, injin ya yi ta tsayawa.

Shin ko kun san a miƙe Maraɗi ta fi Sakkwato kusa da Sabon Birni? A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara isa can, lissafin dakon Gobir duka zai sake.

Saura abin da Weber bai sa a lissafinsa ba, wato tsaro, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Direban da zai bi hanyar Isa zuwa Shinkafi, ko ta Gundumi zuwa Marnona, ba kilomita kaɗai yake ƙirgawa ba, har da ransa da na yaran motarsa, kuma manomi ne ke biyan wannan ƙarin. Babu mai jarin da zai dasa inji inda tirela ke tsoron shiga. Gwamnatin Sakkwato da ta tarayya su tsare mana waɗannan hanyoyi biyu, attajiran Gobir kuma su fara da ƙananan injinan casar shinkafa a bakin fadama.