Karatun Dutse Kafin Zuba Jari A Haƙar Jan Ƙarfe

Fiye da rabin jan ƙarfen da duniya ke amfani da shi ana samunsa ne daga wani irin dutse da masana ke kira fofiri, wanda ya yi yawa a ƙasashen Chile da Peru da yammacin Amurka. Arzikin da ke cikinsa a warwatse yake, domin sau da yawa tan ɗaya na dutse ba ya ba da fiye da kilo 5 zuwa 10. Saboda haka riba ba ta samuwa sai wurin ya zama mai faɗi da zurfi ƙwarai.

Masu bincike sukan huda ƙasa da inji su zaro dutse kamar sanda, su duba launinsa da ma'adinan da ke jikinsa. A shekarar 1970 wasu masana biyu 'yan Amurka, David Lowell da John Guilbert, suka bayyana cewa ma'adinan nan a jere suke, zobe bayan zobe, kamar ɓawon albasa. Idan sandar ta fito kore-kore, to, ana can gefe tukuna. Idan ta yi fari-fari, ga kuma farayit da yawa, watau wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya amma ba shi da daraja, to, an kusa. A ciki kuwa ake samun kalkofarayit da bonayit, waɗanda su ne ke ɗauke da jan ƙarfen, tare da jijiyoyin farin dutse masu ratsa juna.

Da irin wannan karatu ne Lowell ya gano taskar Kalamazoo a Jihar Arizona cikin shekarun 1960. A 1981 kuma aikin binciken da ya tsara ya kai ga Escondida a hamadar Atacama ta Chile, wadda ma'anar sunanta ita ce ɓoyayya. Duk da haka sai a 1990 aka fara fitar da kaya daga cikinta.

Darasin da ke nan ga mai zuba jari shi ne kada rahoton rami ɗaya ya ruɗe shi. Ya tambaya: mita nawa ne tsawon sandar da ke ɗauke da jan ƙarfen? A wane zurfi? Ramukan da ke kusa fa, me suka nuna? Rami mai ƙarancin arziki da ke nuna hanyar ciki ya fi ɗan guntu mai ƙyalli wanda babu kome a bayansa. Wanda bai iya jiran shekaru ba, gara ya riƙe kuɗinsa.