Montalcino: Garin da Ya Ɗaure Kansa da Inabi Iri Ɗaya

A kan wani tudu kudu da Siyena, a yankin Tuskani na ƙasar Italiya, akwai ɗan ƙaramin gari mai suna Montalcino. Giyar inabinsa, Brunello, tana cikin mafiya tsada a Italiya. Giya haramun ce ga Musulmi, wannan ba abin musu ba ne. Abin dubawa a nan shi ne yadda manoma suka yi wa sunan garinsu shinge da doka.

Ba kowa ne ke da ikon rubuta Brunello a kwalba ba. Dole inabin ya fito daga gonakin Montalcino, kuma ya zama nau'in Sangiovese zalla, ba a surka shi da kowane iri. Inabin hekta ɗaya ba zai wuce tan 8 ba. Shi ya sa tun da bazara za ka ga manomi da almakashi yana bin kuranga, yana yanke ɗanyun nonnan inabi yana zubarwa a ƙasa, don ragowar su samu ƙarfi. Bayan an matse, ruwan zai yi aƙalla shekara 2 cikin gangunan katako da wata 4 a kwalba, ba ya shiga kasuwa sai Janairun shekara ta biyar bayan girbi. Manomi ya zuba jari ke nan ya zauna jira. Wanda ba zai iya ba, sai ya sayar da nasa da sunan Rosso di Montalcino, mai fita da wuri kuma mai sauƙin kuɗi.

Iyalin Biondi-Santi ne suka fara wannan salo a ƙarni na 19. Gwamnati ta ba Brunello matsayin DOC, wato tambarin kare sunan asali, a 1966, ta ɗaga shi zuwa DOCG, mataki mafi tsauri, a 1980.

Gwajin gaske ya zo a 2008, da masu bincike suka zargi wasu kamfanoni da yin algus da wasu irin inabi. Amurka, babbar kasuwarsu, ta yi barazanar rufe ƙofa. Wasu suka ce a sassauta ƙa'ida kawai, tunda Sangiovese inabi ne mai wuyar sha'ani, ba kowace shekara yake kyau ba. A ganina nan ne manoman suka nuna sun san darajar abin da ke hannunsu: a Oktoban shekarar, 'yan ƙungiyarsu suka kaɗa ƙuri'a, da gagarumin rinjaye suka ce Sangiovese kaɗai.