Liyari da Sauran Tsofaffin Kuɗin Azurfa a Ƙasar Jega

A Turai akwai masana masu tara kuɗin azurfa na Rumawa, musamman dinariyus, wanda aka fara bugawa wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga sunansa Larabawa suka sami dinari, masana harshe kuwa suna ganin daga dinari Hausa ta sami zinariya. Watau sunan ya iso mu, amma ya bar azurfa a hanya.

Kuɗin azurfa da ya kamata a nema a Jega da Aliero da Maiyama shi ne liyari, wanda aka fara bugawa a ƙasar Ostiriya cikin 1741, da hoton Sarauniya Mariya Tareza. Ya shigo ƙasar Hausa ta hannun ayarin hamada. Sa'ad da Barth ya sauka Kano cikin 1851, ana canjinsa wuri 2,500. Jega kuwa, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820, ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, mahaɗar fatake, inda irin wannan kuɗi ya fi kayan wuri sauƙin ɗauka.

Amma mai tarawa ya lura da abu guda. Sarauniyar ta rasu cikin 1780, duk liyarin da aka buga bayan nan kuwa wannan shekara ce a jikinsa, har wanda aka buga a Rum da Landan bayan 1935. Saboda haka lambar ba ta faɗin shekarunsa. Abin da ake iya tabbatarwa shi ne nauyi, gama na gaskiya giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi biyar cikin shida azurfa.

Haka kuma sule da fataka na Afirka ta Yamma, waɗanda aka fara cikin 1913, azurfa ne, sai cikin 1920 aka soma musanya su da na gaurayen ƙarfe.

Maƙeran fari sun daɗe suna narkar da waɗannan kuɗi su ƙera zobba da mundaye, wanda ya narke kuwa tarihinsa ya tafi. Don haka ya kamata malamin da ya ga guda ya auna shi, ya rubuta gidan da ya fito da hanyar da ya shigo, tun masu ba da labarin suna da rai.