Ƙanƙanuwar Wutar Lantarki A Ƙafar Doki Da Kare: Magani Ne Ko Talla?

Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Daushe a Kano ya ga yadda dawaki ke zaburowa a guje, a ja musu linzami su tsaya cak a ƙofar fada. Abin da ba mu cika gani ba shi ne washegari a barga, inda wani dokin ke tsaye bisa ƙafa uku, ta huɗun ta kumbura. Dokin tsere kan kai nauyin kilo 500, kuma idan yana sukuwa akwai lokacin da duk nauyin nan ke sauka a kan ƙafar gaba guda ɗaya. Idan agarar da ke bayan ƙwaurin ta tsage, jinya kan ɗauki wata tara zuwa shekara, don jini ba ya ratsa agara sosai kamar yadda yake ratsa tsoka.

Wannan doguwar jinya ce ta sa masu dawaki a Turai da Amurka ke gwada wata na'ura mai tura ƙanƙanuwar wutar lantarki cikin jiki, wadda ake kira maikurokarant. Ana amfani da ita har ga karnuka masu amosanin gaɓɓai ko waɗanda aka yi wa tiyatar gwiwa.

Yaya ƙanƙantar wutar take?

Mu koma darasin Fiziks. Ana auna gudun wutar lantarki da amfiya. Idan aka raba amfiya ɗaya gida miliyan, kowane kaso shi ne maikuro'amfiya. Wutar wannan na'ura ba ta wuce maikuro'amfiya 1,000. Ke nan cajar waya mai amfiya ɗaya ta ninka na'urar da aka saita a kan 500 har sau 2,000. Ana jiƙa gashin dabbar ko a shafa mata wani mai, a manna 'yan faifai a gefe da gefen ciwon, a kunna. Galibi dabbar ba ta jin komai. A nan ta bambanta da na'urar TENS da ake amfani da ita a sashen gashin ƙashi na asibitoci, wadda wutarta ta fi ƙarfi har mutum yakan ji tana tsikarinsa.

Daga ina tunanin ya samo asali?

Jiki ma yana da wutarsa. A 1791 wani likita ɗan Italiya, Luigi Galvani, ya wallafa binciken da ya nuna ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi idan lantarki ya taɓa jijiyarta. Bayan kusan shekara 50, Bajamushe Emil du Bois-Reymond ya auna wata 'yar wuta da ke fita daga rauni a jikin fata. Masana sun gano daga baya cewa wannan wutar tana taimaka wa ƙwayoyin halitta su nufi bakin rauni don su rufe shi.

A 1982 kuma wasu masu bincike a Beljiyam, ƙarƙashin Ngok Cheng, suka tura ƙanƙanuwar wuta cikin fatar ɓera. Sai suka ga sinadarin ATP, wanda malamin Bayoloji ya koya mana cewa shi ne makamashin ƙwayar halitta, ya ninka har kusan sau biyar. Da suka ƙara wutar ta yi yawa, sai amfanin ya koma baya. Wannan binciken ne masu sayar da na'urar suka fi kafa hujja da shi har yau.

Ina gizo ke saƙar?

Yankin fatar ɓera a ɗakin gwaji daban, agarar doki mai rai daban. A ƙarshen 2022 masana daga Suwidin da Finland sun tattara binciken da aka yi kan jinyar dawaki da karnuka da kyanwoyi da lantarki. Abin da suka tarar shi ne, binciken kaɗan ne, dabbobin da aka gwada ba su da yawa, kuma hujjar ba ta kai a bugi ƙirji a ce hanyar tana warkarwa ba.

To me ya sa masu dabbobi da yawa ke rantsuwa cewa ta yi musu aiki? Dalili na farko, ana haɗa ta da hutu da magani, kuma rauni da dama yakan warke da kansa. Na biyu, dabba ba ta magana, mai ita ne ke faɗin ko ta samu sauƙi, shi kuwa ido yakan ga abin da zuciya ke so. A 2012 wasu likitocin dabbobi a Amurka, Conzemius da Evans, sun duba karnuka masu ɗingishi da aka ba maganin bogi, wanda babu komai a cikinsa. Kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan da aka tambayi masu karnukan, sun ce an samu sauƙi, alhali faifan da ke auna ƙarfin takun kare a ƙasa bai nuna canji ba. Likitocin da suka duba karnukan ma sun faɗa cikin wannan ruɗin.

Abin da ya shafe mu

Haɗarin na'urar kanta kaɗan ne, ko da yake ba a ɗora ta a kan ƙari, ko ido, ko cikin dabba mai juna biyu. Babban haɗarin shi ne ɓata lokaci. Ɗingishi na iya zama ƙusa ce a kofato, ko ƙurji, ko tsagewar ƙashi. Idan aka tsaya manna faifai maimakon a kira likitan dabbobi ya duba, ya ɗauki hoto in da hali, dokin da zai warke yana iya gurguncewa.

Gargaɗi kuma ga 'yan'uwa masu son haɗe-haɗen wayoyi: kada wanda ya kuskura ya gwada wannan da wutar gida. Wutar soket tana da bolt 230, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba yana iya tsayar da zuciyar mutum ko dabba. Haka nan kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, don yana lalata masa ciki da ƙoda.

Wataƙila nan gaba bincike ya tabbatar da amfanin wannan na'ura, wataƙila kuma ya rushe shi. Kafin nan, duk lokacin da muka ga tallar wata na'ura mai warkarwa a waya, mu yi tambaya uku: a jikin wa aka gwada ta, su nawa ne, kuma da me aka auna sauƙin? Masu sha'awar karatun likitancin dabbobi, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, su riƙe waɗannan tambayoyi da kyau, don dawakin Sallah da na folo suna jiran masu amsa su.