Farautar Elk a Amurka: Nisan Harbi Ba Shi Ne Gwaninta Ba

Duk Bahaushen da ya zauna a Greensboro, a jihar North Carolina, ya san titin Wendover. Shi ne ya ratsa garin daga gabas zuwa yamma, da kantuna da wuraren sayar da motoci jere hagu da dama. Da zarar Satumba ta kama, sashen farauta na kantunan kayan wasanni sai ya cika da kwalayen harsashi da madubin hangen nesa na ɗora wa bindiga. A nan na fara jin mafarauta suna hirar wata dabba da suke kira elk, ana cika baki da nisan da wane ya harbo ta.

Elk dai dangin barewa ce, amma namijinta yakan haura kilo 300, wato ya fi gwanki girma, da ƙaho mai rassa da yake zubarwa duk shekara. Da can akwai ta a North Carolina, sai yawan farauta da sare daji suka ƙarar da ita tun wajen ƙarshen ƙarni na 18. A 2001 aka sako guda 25 a kwarin Cataloochee, cikin gandun dajin Great Smoky Mountains, aka ƙaro 27 a 2002. Daga Wendover, in ka hau babbar hanyar I-40 ka yi yamma, tafiyar awa uku da wani abu ce. Amma kallo kawai za ka yi, domin an hana farauta a gandun. Mai son harbin elk sai ya nufi Colorado, wadda ta fi kowace jiha yawanta, ko Montana da Wyoming, ko ya shiga ƙuri'ar neman izini a Kentucky.

Can yammacin ƙasar fili ne fetal da tsaunuka, kana iya hango dabba a ƙetaren kwari. Shi ya sa harbin nesa ya samu shiga, ga na'urar auna nisa, ga manhajar waya mai lissafa faɗuwar harsashi. To amma lissafin yana da wuyar sha'ani. Ɗauki harsashin .30-06, wanda ake amfani da shi tun 1906. Yana fita daga bakin bindiga da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa. In an saita bindigar a kan mita 180, kafin ya kai mita 450 ya yi ƙasa da fiye da mita ɗaya. Iska mai gudun kilomita 16 a awa kuwa za ta iya karkatar da shi kusan rabin mita. Wurin da ake so a samu, wato huhu da zuciya a bayan kafaɗa, bai wuce faɗin faifai ba. In nisan ya kai mita 700, harsashi na shafe fiye da daƙiƙa guda a hanya, kuma taku ɗaya ya isa ya mai da harbin zuciya harbin tumbi.

Samun dabbar ma rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne abin da harsashin ya yi bayan ya shiga. Harsashin farauta an ƙera shi ne don bakinsa ya baje, faɗinsa ya kusan ninkawa, ya ratsa fata da ƙashi ya kai huhu. Wani mafarauci ya taɓa ɗora min guda biyu a tafin hannu, waɗanda ya ciro daga nama. Ɗaya ya baje sosai, dalmar ta lanƙwashe baya, gindinsa na nan daram. Ɗayan kuwa tsininsa kawai ya karkace, bai buɗe ba, domin ya isa a gajiye. Yawancin masu ƙera harsashi suna cewa yana buƙatar gudun kimanin mita 550 a daƙiƙa kafin ya baje yadda ya kamata. Wanda aka yi shi da laushi don ya buɗe a nesa kuma, in aka harba shi kurkusa ya ci karo da ƙashin kafaɗa, yana iya tarwatsewa tun bai yi zurfi ba.

Matsalar tsohuwa ce. A 1946 wani mafarauci, John Nosler, ya harbi wata babbar dabba mai suna moose a Kanada, harsashinsa ya kasa ratsa ta yadda ya so. A 1948 ya fito da harsashin Partition, mai shinge a tsakiya: gaba ya baje, baya ya ci gaba da kutsawa. Daga baya kamfanin Barnes ya kawo na jan ƙarfe zalla, kuma tun Yulin 2019 jihar California ta hana farauta da harsashin dalma kwata-kwata.

Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta daɗe tana jan kunne cewa in dabba ba ta da damar ji ko gani ko shinshino mai binta, abin ya tashi daga farauta ya koma gwajin saiti. Na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuma ba daga gare su na fara jin haka ba. Kakana maharbi ne a yankin dajin Rugu, a ƙasar Katsina. Da adaka yake fita, ɗuri ɗaya, albarushi ɗaya. Yakan watsa ɗan ƙura ya ga inda iska ta nufa, ya yi sanɗa har ya ji dabba tana tsinkar ciyawa, sannan ya yi bisimilla ya ja kunama. A wurin su kakana, ka raunata dabba ta shige daji ta mutu a banza abin kunya ne, kuma malamanmu sun koya mana cewa ko yanka za ka yi, wajibi ne ka sauƙaƙa wa dabba.

Ban ce kada a koyi harbin nesa ba. A koya a filin atisaye, a kan allon ƙarfe, inda kuskure ba ya zubar da jini. Amma a daji, kowane mafarauci ya san iyakarsa: nisan da yake samun huhu da zuciya kusan kowane harbi, cikin iska da haki, kuma harsashinsa na da sauran ƙarfin buɗewa. In dabba ta wuce nan, ya matsa kusa. In matsawa ta gagara, ya sauke bindiga ya bar ta, domin ran da ke gabansa ya fi labarin da zai ba abokai daraja.