Da azahar rana na gasa mu, da asuba muna sayen icce: lissafin ruwan zafi a Gwandu da Kalgo

Duk wanda ya taɓa kwana a Gwandu cikin watan Janairu ya san yadda asuba take. Jaura na kaɗawa, leɓe ya tsage, ruwan randa ya yi sanyi kamar an fito da shi daga firij. Kafin a kira assalatu an riga an hura murhu a tsakar gida, tukunya na kan wuta, yara na layi da bokiti. A Kalgo ma haka, sai dai a ɗakunan hayar ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi hita ake jefawa cikin bokiti idan an ci sa'a akwai wuta. In babu, ko dai ka hura gawayi, ko ka yi ta maza ka watsa na sanyin, ko kuma ka wanke fuska da ƙafa ka tafi lakca kana addu'ar kar kowa ya matso kusa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wannan gidan da aka ƙona icce da asuba don ɗumama ruwa, da ƙarfe ɗaya na rana ba ka iya taka simintinsa ba takalmi. A watan Afrilu kuwa ruwan tankin sama sai an bar shi ya huce kafin a yi alwala. Zafin yana nan, kyauta, kullum. Lokacinsa ne kawai bai dace da lokacin buƙatarmu ba. Duk maganar na'urar dafa ruwa da rana a nan take: yadda za ka kama zafin azahar ka riƙe shi har asuba.

Na fara tunanin wannan ne lokacin jegon yayata. Duk wanda aka yi haihuwa a gidansu ya san icen jego ba ƙaramin kaya ba ne a wuyan maigida. Safe da yamma ana dafa ruwa a babbar tukunya, har kwana arba'in. Na ga amalanken icce ya shigo, na ga ya ƙare, na ga wani ya shigo. Gwaggonmu da ke kula da wankan kullum idonta jajir saboda hayaƙi, tana tari. Likitoci na da tasu maganar kan yawan zafin ruwan jego, wannan mu bar shi sai wata rana. Ni dai lissafin iccen ne ya tsaya mini a rai, ga kuma rana tana dukan kwanon gidan tun hantsi ba wanda ya ce mata sannu.

Kebbi na cikin jihohi 11 na arewa da shirin Great Green Wall ya shafa saboda kwararowar hamada. Murhun duwatsu uku kuma, mafi yawan zafinsa iska ke kwashewa. Abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Wato in ka sayi icen dubu ɗaya, na kusan naira 850 tsakar gida ka ɗumama.

Kuskuren da 'yan sola ke yi

Yanzu kowa ya waye da sola. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 janareto ya zama abin ado a gidaje da yawa, sai fanel, batir da inbata. Shi ya sa da an ce "dafa ruwa da sola", abin da ke zuwa wa matashi a kai shi ne ya jona hita a inbata. Don Allah kar ka yi.

Ga dalili. Bokiti mai lita 20, in kana so ka ɗaga zafinsa daga digiri 20 zuwa 45, yana cin kusan yunit 0.6 na wuta, irin yunit ɗin da kake saye a mita. Batir babba mai bolt 12, 200Ah, duk abin da ke cikinsa yunit 2.4 ne, kuma in irin na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata ka ja in kana so ya yi ƙarko. Bokiti biyu ke nan, ka shanye abin da ya kamata ya riƙe maka fanka, fitila da cajin waya har safe. Ita hitar ma tana jan wat 1,000 zuwa 1,500, ƙaramin inbata da ta taɓa shi sai ya yi kuka ya ɗauke.

A wutar NEPA fa? A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo sama kaɗan da 200. Gidan mutum goma, kowa bokiti ɗaya, yunit 6 ke nan a rana. A wannan farashin ya haura naira 1,200 kullum, kusan 36,000 a wata, wankan safe kaɗai. Wanda ba ya Band A kuɗinsa bai kai haka ba, amma shi kuma wutar ce ba ta da alƙawari da ƙarfe biyar na asuba. Ban da haɗarin hita a bokiti: yaro ya tsoma hannu ya gwada zafi, ko a manta da ita ruwa ya ƙafe robar ta kama.

Na'urar da nake magana ba ta da fanel, ba ta da batir, ba ta da waya ko ɗaya. Fanel yana mayar da kusan kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa zuwa lantarki, sai ka zo ka sake mayar da lantarkin zafi. Ita wannan kai tsaye take kama zafin, kuma tana iya kama rabinsa ko fiye.

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko akwati ne shimfiɗaɗɗe: faranti baƙi, an manna masa bututun jan ƙarfe, an rufe da gilashi, an cusa abin tare zafi a ƙasa da gefe. Na biyu jerin dogayen kwalabe ne masu bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, daidai yadda cikin fulas ɗin shayi yake. Yawancinsu daga China ake kawo su. Dukansu tankinsu na zama a sama da su. Ruwa in ya yi zafi yakan yi sauƙi ya hau, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka zai yi ta zagayawa har rana ta faɗi. Ba famfon tura ruwa, ba makunni.

A yankinmu kowace murabba'in mita tana samun zafin rana da ya kai kusan yunit 6 a yini. Farantin murabba'in mita biyu, ko rabi ya kama, ya isa ya ƙara wa lita 150 zafin digiri 30. Bokiti bakwai da ɗoriya ke nan, kuma da yake ana sirkawa da na sanyi, yakan fi haka auki.

Wannan ba sabon abu ba ne da wani ɗan TikTok ya gano jiya. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta shafe shekaru tun cikin 1980 da wani abu tana ƙera irin waɗannan na'urori tana gwadawa, tare da murhun rana da na busar da amfanin gona. Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda ya shugabanci cibiyar kafin ya zama shugaban Hukumar Makamashi ta Ƙasa, ya daɗe yana rubutu a kai. Daga Gwandu zuwa Sakkwato ba tafiyar kwana ba ce, amma abin bai iso rufin gidajenmu ba. A Turkiyya da Cyprus kuwa, waɗanda ranarsu ba ta kai tamu ba, da wuya ka ɗaga kai a unguwa ba ka ga tanki da faranti a saman gida ba. Kenya ma ta taɓa kafa doka a 2012 da ta tilasta wa manyan gine-gine sa na'urar.

Inda gizo ke saƙar

Ba zan yi maka tallan 'yan kasuwa ba. Lokacin da muka fi buƙatar ruwan zafi shi ne lokacin da hazo ke rufe rana, ƙura kuma ta kwanta kan gilashi. Ranar da hazo ya yi kauri za ka samu ruwa mai ɗumi, ba mai tafasa ba. Wannan kuma yana da magani biyu masu sauƙi: a riƙa goge gilashin da sassafe duk bayan kwana biyu ko uku, kuma a kafa farantin yana kallon kudu. Muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, a Disamba da Janairu rana ta kudu take ratsawa, don haka a ɗan miƙar da shi kamar digiri 25 zuwa 30, kar a kwantar da shi.

Amma abin da ya fi komai shi ne tanki. In za ka saya, kar kwalaben masu ƙyalli su ɗauke maka hankali. Tambayi kaurin soson da ke tsakanin bangon tankin. Tanki mara kyau da sha biyun dare ya gama hucewa, ka tashi da asuba ka koma wa murhu. Mai kyau kaɗan yake ragewa. Haka bututun da ya sauko zuwa banɗaki, a naɗe shi, kuma kar ya yi tsawo. Akwai kuma ɗabi'ar gida: in kowa ya kwashe ruwan zafin da magariba, tankin ya cika da na sanyi, ba abin da zai ɗumama shi cikin dare. Sai gida ya yi yarjejeniya.

Sai nauyi. Lita 150 kilo 150 ne, ban da ƙarfen. Rufin soro na azara ko tsohon kwano ba wurin ɗora wannan ba ne. Gara mai walda ya yi masa tsayayyen ƙarfe a tsakar gida inda inuwar darbejiya ba ta kaiwa. Gidan da ba shi da tankin sama, wanda ya dogara da rijiya ko 'yan ga-ruwa, zai iya sa ƙaramin tanki a samansa a riƙa cikawa da hannu. Sai dai a kiyaye: mai kwalabe, in ya bushe rana ta gasa shi, ka zuba ruwan sanyi da tsakar rana, kwalba na iya fashewa. A cika da safe ko da dare. Ruwan rijiya mai laka ko gishiri kuma yakan bar ƙanzo a ciki, sai an riƙa wankewa. A watannin zafi ruwansa kan wuce digiri 70, yana saɓule fata, don haka famfonsa ya yi sama da hannun yara.

Akwai wata na'urar da ake yayi a Turai da Amurka, wadda ake kira heat pump. Ka ɗauke ta kamar AC da aka juya: tana zuƙo zafin iskar waje ta tura cikin ruwa. Da yunit ɗaya na wuta tana ba da zafin kusan yunit uku, kuma ƙasa mai zafi irin tamu ta fi yi mata daɗi. To amma tana son wuta tsayayya na wasu awanni, tana da tsada, in ta lalace kuma sai mai gyaran AC da ya san ta. Ga otal a Birnin Kebbi, ko asibiti, ko babban hostel mai sola mai ƙarfi, tana da ma'ana. Ga gidan malam a Gwandu, a ganina, ba lokacinta ba ne.

Maganar kuɗi kuwa, farashi na bin dala, don haka lissafin da za ka yi shi ne naka: rubuta abin da gidanku ke kashewa kan icce, gawayi ko gas don ruwan wanka kaɗai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ka haɗa da na jego in ana yi, sannan ka raba kuɗin na'urar da wannan. Gidan mutum biyu da ke buƙatar ruwan zafi wata uku a shekara zai daɗe bai fanshe ba, gaskiya ke nan. Gidan gandu mai mutum ashirin, ko makarantar allo, ko gidan haya mai ɗaki goma a Kalgo, ko mai shayi da mai abinci da ke wanke kwanuka kullum, nasu lissafin daban ne.

Nau'in akwatin nan kuwa, babu abin da ke cikinsa da ya fi ƙarfin mai walda da mai gyaran famfo na gari: faranti, baƙin fenti, bututu, gilashi, soso, ganga. Ɗaliban injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar Aliero, ga furojet da zai iya zama sana'a maimakon ya ƙare a kabad ɗin malami. Wanda ya iya ƙera tankin da ke riƙe zafi har asuba, masu gidajen haya da kansu za su nemi lambarsa.

In kuma ba ka da ko sisi, akwai gwajin da za ka iya yi a wannan makon. Samu jarka mai lita 25, ka shafa mata baƙin fenti, ka cika, ka sa ta cikin farar leda mai shara-shara ka ɗaure, ka ajiye a rana tun ƙarfe tara. Da la'asar, kafin iska ta juya, ka naɗe ta da tsohon bargo ka cusa cikin kwali ko buhun ƙaiƙayi a ɗaki. Ruwan na wanka ne kawai, ba na sha ba, kuma kar ka yi amfani da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. Da asuba ka taɓa ka ji, sai ka turo mana sakamakon da sunan garinku.